Injin Murza Haƙori a Maƙerar Baba Tsoho

Kwanan baya ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar, sai babban ɗana ya zo ya cusa mini salularsa a fuska, wai in ga abin mamaki. Yaran yanzu ko sallama ba su sani ba idan wannan abin yana hannunsu. Na karɓa ina tsaki. Wani inji ne a wata masana'anta ta ƙasar waje, manyan tayoyin ƙarfe biyu suna juyawa. Aka jefa sandar ƙarfe sumul a tsakaninsu, kafin ka ƙifta ido ta faɗo da haƙora zagaye da ita, irin haƙoran nan da noti ke bi ya ɗaure. Babu wuta, babu tartsatsi, ko ɓarɓashi ɗaya bai zuba ba. Yaron ya tsaya yana jira in ce kai! Ni kuwa hancina ne ya cika da warin gawayi da baƙin mai. Na miƙa masa abinsa na ce ya ba ni wuri. Ya tafi yana gunaguni wai ni ba na son ci gaba. Bai sani ba, ƙaramin ɗan'uwan wannan injin ne ya taɓa birkita gidanmu a Kurfi ina yaro.

Bari in fara gaya maka ko ni wane ne, don kada ka yi ta lalube. Shan inna ya cinye mini ƙafafu biyu tun ban san kaina ba. Mahaifina ya rasu ina goye, saboda haka a gidan kakana na tashi, ni da mahaifiyata da kakata da muke kira Iya. Kakana kuwa kowa Baba Tsoho yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Maƙeri ne, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Dogo, baƙi, tafin hannunsa ya yi kanta har yakan ɗauki garwashi da yatsu ya kunna wa baƙo taba yana ci gaba da magana. A wasan maƙera na ga ya riƙe jan ƙarfe mutane suna salati. Idan ya bi hanya yara tsit suke yi. Ni kaɗai nake tsokanarsa, ina ce masa na kusa ƙwace Iya, shi kuma ya ce in fara miƙewa tsaye tukuna. Da wani ne ya faɗa mini haka, da na yi kuka. Shi idan ya faɗa dariya nake yi.

Rarrafe nake yi, silifa biyu a tafin hannu. Duniyata ba ta wuce tsakar gida da zaure da maƙera ba. A maƙera ne kawai nake da amfani, don zuga aikin zaune ne, kuma hannuna ya fi na sa'o'ina ƙarfi. Da damina ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya gauraya da hayaƙi, manoma suna tsugune a bakin rumfa da fartanyoyinsu suna jiran layi, ni ina danna zuga-zugi ina kallon ƙafafun yara masu wucewa makaranta. Ƙafafunsu kawai nake gani daga inda nake. Wallahi na san takalmin kowane yaro a unguwarmu.

Makarantar boko tana can ɗaya gefen gari, bayan kasuwa. Mahaifiyata ta yi ta aikawa ana roƙo, har hedimasta ya ce to, amma shekaruna sun riga sun wuce na shiga aji ɗaya, bana ce ta ƙarshe. Idan aka buɗe makaranta ƙarshen damina ban bayyana ba, kada a sake zuwa masa da maganata. An gwada ɗora ni a kan jaki, ƙafafuna ba sa kama komai, na zame na fasa leɓe. Sai aka yanke shawarar a haɗa mini keken guragu, irin mai tuƙi da hannu. Wani mai walda ya haɗa jikin, ya yi shi ƙasa-ƙasa yadda zan iya hawa da kaina ba sai an ɗaga ni ba. Wannan ya sa ƙafafun baya biyu suka zama ƙanana, wasu tsofaffin gargare ne aka tsinto. Nan matsala ta fito. Wayoyin nan da ke riƙe gargare da cibiyar ƙafa, babu masu tsawon da ya dace a kasuwa, duk sun yi tsawo. Idan ka yanke su ta gefen haƙora, noti ba shi da abin kamawa. Baba Tsoho ya yanke su ta ɗaya gefen ya lanƙwasa da wuta. Na hau, ban fita zaure ba suka fara tsinkewa, tas, tas, gargaren ya karkace na kife.

Dole aka nemi Baffa, ƙanin mahaifina. Ka ji inda gizo ke saƙar gidanmu, don Baffa shi ne ɗan da ya bar maƙera. Tun yana saurayi ya ajiye masaba ya tafi koyon gyaran keke, ya buɗe rumfa a Dutsin-Ma. Baba Tsoho bai yafe wannan ba. Ba ya kiransa sai da mai facin roba. Da Sallah Baffa zai zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa da hanci, shi ke nan sai wata Sallar. Iya ce ta aika masa a ɓoye.

Ya zo ana saura 'yan kwanaki a buɗe makaranta, da wani abu naɗe a tsumma a cikin jakarsa. Ya warware shi a hankali kamar mai buɗe jariri. Ɗan inji ne da bai wuce tafin hannu biyu ba, ana ɗaure shi a gefen benci. Yana da mariƙi da ake juyawa, a bakinsa kuma akwai wasu 'yan tayoyi uku na baƙin ƙarfe, kowanne bai fi ƙwayar gurjiya ba, da siraran layuka a jikinsu. Baffa 'ya'yan inji yake ce musu. Maigidan da ya koya masa aiki ne ya ba shi ranar da ya yaye shi, kuma a duk yankin babu mai irinsa. Masu gyara daga Dabawa da ƙauyukan kewaye wurinsa suke kawo wayoyi.

Ya yanke waya daidai tsawon da yake so, ya goge bakinta, ya matse ta, ya ɗiga mata mai, ya fara juya mariƙi. 'Ya'yan nan uku suka hau kan wayar suna zagayawa, shiru, sai ɗan kukan mai. Ya juya mariƙin baya, ya zaro ta. Haƙora reras, suna sheƙi! Ya ɗaura ɗan noti, ya bi su sumul. Na buɗe baki na kasa rufewa. Ni da na tashi na san ƙarfe ba ya jin magana sai ya sha wuta ya sha duka, ga shi an lallashe shi da sanyinsa. Mahaifiyata tana leƙe ta bayan zana tana ta sa masa albarka.

Baba Tsoho fa? Yana cikin maƙera, ya juya mana baya, yana dukan wani lauje da ya riga ya gama tun safe. Ko sau ɗaya bai waiwayo ba. Da ya waiwayo, da ya ga yadda abin yake aiki, da ban zauna ina ba ka wannan labari ba. Taurin kai, mutumina, taurin kai irin na gidanmu, wanda ni ma na gada.

Kafin magariba Baffa ya gama ƙafa ɗaya. Ya juya ta a sama, ta tafi daidai ba rawa. Yana goge hannu yake ce wa Iya, da murya sama-sama don mai juya baya ya ji, cewa 'ya'yan injin sun fara gajiya, shekarunsu da yawa, sai ya dinga maimaitawa kafin haƙora su fito. Hadari ya taso, matarsa kuma tana da tsohon ciki a Dutsin-Ma, sai ya ce zai je ya dawo da hantsi ya ƙarasa ɗaya ƙafar. Ya bar injin a ɗaure jikin benci, a rumfar maƙera.

To, akwai wata al'ada a gidanmu. Duk ƙarfen da ya kwana a maƙera, ko gatarin maƙwabci ne da ya manta, ko wuƙar mahauci, ko almakashin tela, ba ya komawa wurin mai shi a dakushe. Baba Tsoho zai wasa shi kafin a zo ɗauka, kuma ba ya karɓar komai. Haka ya ga ubansa yana yi. Abin kunya ne a wurinsa a ce abu ya kwana gidan maƙeri ya fita ba kaifi. Kuma ita ce hanyarsa ta cewa na gode, ko yi haƙuri, don bakinsa bai iya waɗannan kalmomi ba.

Da aka idar da sallar asuba Baba Tsoho ya tashe ni. Gari ya yi sanyi bayan ruwa, kwaɗi ba su gama kuka ba. Na same shi tsugune gaban injin, yana shafa 'ya'yan nan da babban yatsa.

Ya ce, “Dubi abin da yaron nan ke wahala da shi. Ko tuwo wannan ba ya yankawa. Hura mani wuta.”

Murna ta kama ni. Baba Tsoho zai taɓa kayan Baffa! Na san ma'anar wannan ko da ina yaro. Ya kwance 'ya'yan da dabara, ya gwada su da magagari, magagari ya zame bai ci ba. Ya gyaɗa kai ya ce ƙarfen kirki ne, rashin kula ne kawai. Ya sa su a wuta da ƙaramin awartaki. Ni na zuga, da dukan ƙarfina na zuga, ina waƙa ma. Suka yi ja, ya binne su a toka suka huce, sannan ya zauna da siririn magagari yana fitar wa kowanne da kaifi, tsaga bayan tsaga, kamar haƙoran zarto. Ban taɓa ganin ya yi aiki da natsuwa irin ta ranar ba, harshensa a waje, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ya mayar da su wuta, ya tsoma a ruwa suka yi cuu. Ya goge su da mai, ya mayar mazauninsu, ya rufe injin da tsumma. Sannan ya shiga ciki ya sako rigarsa ta Juma'a, alhali ranar ba Juma'a ba ce.

Baffa ya iso da hantsi. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, abin mamaki Baba Tsoho ya amsa da cikakken baki, har ya tambayi jikin iyali. Baffa ya dube ni, na yi masa murmushi har kunne. Wannan karon tsohon bai juya baya ba. Ya jawo kujerarsa ya zauna dab da benci, ya harɗe hannu.

Baffa ya matse waya, ya ɗiga mai, ya juya mariƙi. Wani ƙara ya fito, ƙarrr, wanda babu shi jiya. Ya tsaya. Ya sake juyawa. Sai ga garin ƙarfe yana zubowa kan benci, fari tas yana ƙyalli.

Baba Tsoho ya buga cinya ya ce, “Yauwa! Ka ga yanzu yana ci!”

Ban taɓa mantawa da fuskar Baffa ba. Ya zaro wayar, bakinta ya tauye ya rame kamar ɓera ya gwaguye shi. Ya zura noti, notin ya wuce zuruf ya faɗi ƙasa. Ya sunkuya ya dubi 'ya'yan injin, ya ga shatin wuta a jikinsu, shuɗi-shuɗi, ya ga tsagar magagari.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, mi ka yi?”

“Na wasa maka shi. Ba kai ka ce ya gaji ba?”

“Baba, ba ci yake yi ba. Bai taɓa ci ba. Murzawa yake yi.”

Ya ɗauko ragowar waya ɗaya da ya yi jiya, ya kama yatsan ubansa, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya bi da shi a kanta daga tsakiya zuwa baki. Ya ce masa ya ji, wurin haƙoran ya fi jikin wayar kauri. Injin ba ya cire komai daga ƙarfe, danna shi yake yi, abin da ya nutse a nan ya taso a can, shi ya sa noti ke kamawa kuma wayar ba ta karyewa a wurin. Layukan da ke jikin 'ya'yan su ne ma'aunin haƙoran, daga masana'anta suka zo haka, babu hannun da zai iya mayar da su.

Baba Tsoho ya bi wayar da yatsa. Ya sake bi. Ya dubi garin ƙarfen da ke kan benci, wanda a duk rayuwarsa shi ne shaidar cewa aiki yana tafiya. Ni a lokacin ban gama fahimta ba, sai da na ga Baffa ya miƙe, don ɗa ba ya ɗaga wa uba murya, ya zagaya bayan rumbu. Muka ji shi yana kuka, ƙaton mutum mai iyali, yana dukan bango da hannu. Abincinsa ke nan aka sa a wuta, da kyautar maigidansa. Sai kuma idona ya faɗa kan kekena, a jingine, ƙafa ɗaya a gama, ɗaya gargare ne tsirara. Nan na gane nawa rabon. Na fasa ihu. Mahaifiyata ta fito ba mayafi, ta ɗora hannu a ka. Iya tana ta cewa, “Malam, mi ya kai ka? Mi ya kai ka?” Shi dai yana zaune cikin rigar Juma'a da waya a hannu.

An yi ta dabaru a kwanakin da suka rage. Baffa ya lanƙwasa wayoyi da sanyi, suka riƙe na yini ɗaya suka saki. Aka ba wani direba saƙo zuwa Kano a nemo sababbin 'ya'yan inji, ya dawo ya ce masu kayan keke sun ce sai dai a aika kudu, kuma ba su san ranar zuwa ba. Wani maƙwabci ya ce a dinga tura ni a baro. Baba Tsoho, wanda tun ranar bai yi magana ba, ya ɗago kai ya ce jikansa ba buhun taki ba ne. Na daina cin abinci. Na daina zuga. Idan ya shigo tsakar gida sai in juya fuska bango, kuma na ji daɗin yi masa haka, don haushinsa nake ji har cikin raina.

Ranar buɗe makaranta ina kwance a ɗakin Iya ina jin yara suna wucewa. Sai na ji muryarsa a ƙofa.

“Ba ni zanenki da majanyi.”

Iya ta ce, “Ka yi mi da su?”

“Ki ba ni, na ce.”

Ya sa mahaifiyata ta wanke mini fuska ta saka mini rigar makaranta da aka ɗinka tun tuni. Ya tsuguna a gabana ya ba ni baya. Na tsaya ina kallon bayan nan, ban yarda da idona ba. Ya ce, “Hau mana, angon Iya, ko sai na yi maka kiɗa?” Na kama wuyansa. Ya yafa zanen, wani mai ruwan goro da furanni, ya ɗaure a ƙirji, ya ƙara majanyi a ƙugu, kamar yadda ya ga mata suna yi. Bai iya ba, sai da Iya ta gyara masa ɗaurin, tana roƙonsa ya tuna ko shi wane ne a garin nan. Mahaifiyata ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa tana kuka, tana cewa ta haƙura da bokon. Ya zare ƙafarsa ya fita.

Kai mai karatu, ka san ƙasarmu. Namiji yakan ɗauki ɗa a kafaɗa, yakan saɓa shi a wuya. Amma dattijo mai furfura, maƙerin gari, ya yi goyo da zanen mace ya ratsa kasuwa a bainar jama'a? Ban taɓa ji ba kafin ranar, ban kuma sake gani ba. Majalisar dattawan da ke gindin dalbejiya suka bi mu da ido. Wani mai shayi ya cika kofi har ya zube bai sani ba. Baba Tsoho ya yi musu sallama kamar kullum, da ƙyar mutum ɗaya ya amsa. Muna wucewa na ji dariyar mata ta bayan katanga, yara suka biyo mu a guje. Na cusa fuskata a wuyansa don kunya. Warin hayaƙi da gumi ne a wurin, kuma ina jin bugun zuciyarsa ta bayansa. Ni ba ƙaramin yaro ba ne a lokacin, ƙafafu ne kawai babu, sama ina da nauyi. Sau da yawa ya tsaya ya dafa bango ya huta.

Hedimasta da ya gan mu ya miƙe tsaye, ya cire hula ya mayar. Baba Tsoho ya kwance ni a kan benci a aji ɗaya, ya naɗe zanen ya saɓa a kafaɗa, ya ce, “Ga shi nan, ya bayyana.”

Na ɗauka na rana ɗaya ne. Ina! Washegari ya sake neman zane. Gwiwoyinsa ba za su iya zuwa da dawowa sau biyu ba, saboda haka idan ya ajiye ni sai ya zauna a gindin wata bishiyar bedi a bakin makaranta har a tashi. Ina hango shi ta taga yana jan carbi, zanen Iya a cinyarsa. Lokacin kuwa shi ne na girbi, lokacin da manoma ke zuwa da safe neman lauje da magirbi. Su zo su tarar maƙera a rufe, toka ta yi sanyi. Idan mun dawo da azahar bayansa ba ya barinsa ya ɗaga masaba. Suka jira, suka gaji, suka koma wurin wani maƙeri a Barkiya. Ban ga laifinsu ba, dawa ba ta jiran kowa ta bushe. Aka shiga sanyi muna tafiya, aka shiga zafi muna tafiya. Tuwonmu ya ragu, Iya ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya. Dariyar mutane ta ƙare da kanta, suka saba, har masu shago suna ce masa sannu da goyo, shi kuma ya amsa yauwa.

A hanya nake karanta masa abin da aka koya mana, a kunne. Ya ce duk shirme ne, amma idan na yi shiru sai ya girgiza kafaɗa ya ce in ci gaba. Ban san ranar da haushina ya tafi ba.

Sai da bazara ta zo, ana jiran ruwan shuka, sannan sababbin 'ya'yan injin suka iso. Baffa ya zo da su da kansa. Ya ɗaura injin a benci guda, ya matse waya, ya ɗiga mai, sannan ya matsa gefe ya nuna wa ubansa mariƙin. Baba Tsoho ya mayar da hannuwansa biyu baya ya ce, “A'a. Ni da shi mun gaisa sau ɗaya, ya isa.” Baffa ya yi dariya da hawaye a ido. Amma tsohon ya matso da fuskarsa dab da injin yana kallo, ya tara tafin hannu a ƙasa ko wani abu zai zubo. Babu abin da ya zubo sai ɗigon mai. Ya dubi hannun ya ce, “Ikon Allah.” Kafin la'asar na fita zaure da kekena, na ratsa unguwa iska tana dukan fuskata, ina ihu kamar mahaukaci.

Maƙera dai ba ta sake tashi ba. Ya hura wuta da daminar, amma waɗanda suka tafi sun tafi, bayansa kuma ya riga ya ranƙwafa. Bai miƙe ba har ya koma ga Allah ina aji shida.

Yau ni malamin makaranta ne a Dutsin-Ma, ina da keke mai inji da aka gyara mini, ina da iyali. Baffa ya tsufa, ya rufe rumfa, don yanzu idan waya ta tsinke ƙafar gaba ɗaya ake cirewa a sa sabuwa. Inda maƙerarmu take an yi shagon cajin salula. Fartanya ma ta kamfani ce ake saye a kasuwa. Ba na cikin masu kukan cewa da ta fi yanzu, don ni a da ɗin nan a ƙasa nake rarrafe. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Bara na je Kurfi ta'aziyya. Na tsaya a wata majalisa, na tarar da wani dattijo da ban sani ba, muka gaisa, ya tambaye ni ɗan wane gida ne. Na faɗa masa sunan kakana, na ce maƙeri. Ya yi tunani ya girgiza kai. Na ce wanda ke riƙe jan ƙarfe a wasan maƙera, wanda rabin gonakin garin nan da fartanyarsa aka nome su. Ya ce Allah bai sa ya gane ba. Raina ya ɓaci, na kwatanta masa gidan, na ce kusa da tsohuwar rijiya.

Sai ya tafa hannu ya ce, “Af! Tsoho mai goyo! Ka ce mani tsoho mai goyo mana! Ashe maƙeri ne?”

Mutum ya ƙare rayuwarsa gaban wuta, shi da ubansa da kakansa, duk an manta, zanen Iya kaɗai ya rage masa a bakin mutane. Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na ga idonsa ya sauka kan ƙafafuna, ya daɗe a wurin. Ya rage murya.

“Malam, kai ne goyon?”

Na ce, “Ni ne.”